Kafin a zargi dikoda, a duba waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da 'yan'uwana masu haɗa dish da eriya, domin na gaji da karɓar dikoda lafiyayya a shagona alhali ciwon yana jikin waya.

Wayar nan mai zaren tagulla a tsakiya da raga kewaye da shi tana da nata awon turjiya ga sigina, da ake lissafawa da om, wanda kaurin zaren, da tazarar da ke tsakaninsa da ragar, da irin robar da ta raba su suke samarwa, kuma tsawon wayar ba ya sauya shi. Ta talabijin, irin su RG-6 da RG-59, om 75 ce, ta na'urorin watsa rediyo kuwa, kamar RG-58, om 50 ce. Duk inda sigina ta iske awon ya canza, wani sashenta yakan juyo baya kamar amsa-kuwwa, ya dagula wadda ke tafe. A zamanin tsohuwar talabijin mukan ga mutum da inuwarsa a allo. Yanzu sai dai hoto ya daskare.

Haɗa waya mai 50 da na'ura mai 75 kuskure ne, amma kashi 4 cikin 100 na ƙarfin kaɗai ke dawowa. Babbar ɓarnar ita ce bakin da aka bari a buɗe, domin abin da ya isa can gaba ɗayansa yake juyowa. Sau da yawa nakan tarar da abin raba sigina mai baki huɗu, biyu suna aiki, biyu a wangale, alhali ɗan murfi mai resista (wato 'yar na'ura mai turjiya ga wuta) ta om 75 shi ne maganinsu. Sai dai a layin dish a nemi murfin da ke tare wuta, tunda dikoda tana tura bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa kan dish, kuma hakan na iya ƙona resistar.

Murɗe waya biyu a naɗe da salatif shi ma yana lalata waccan tazarar ta tsakanin zaren da ragar, ga damina ta shigo da ruwa cikin ragar. Mai gida da ya ga irin wannan ƙulli a bangonsa yana da ikon cewa a yanke, a sa mahaɗi irin na F kafin ya biya kuɗin aiki.

Naku,
Wani mai gyaran talabijin, Zariya