Dokoki Goma aikin iyaye da coci ne

Malam Edita,

Ni Kirista ne. A gindin fitilar ƙwai mahaifiyata ta sa na haddace Dokoki Goma. Duk da haka, dokar da Gwamna Jeff Landry na jihar Louisiana a Amurka ya sa wa hannu a 2024, wadda ta tilasta liƙa su a kowane ajin makarantun gwamnati, ta dame ni ƙwarai.

Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya hana hukuma kafa addini, kuma a 1980 Kotun Ƙoli ta soke irin wannan doka a jihar Kentucky. Har lafazin da za a rubuta ma 'yan majalisa ne suka zaɓa, alhali Katolika da Yahudawa ba haka suke jera dokokin ba. Wa ya ba su wannan hurumi?

Wani mai karatu,
Kaduna