Godiya ga masu shagon kekunan da suka nuna mini hanyoyin fadama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, na san ba ka son a yabe ka gaban jama'a. Ranar da na ce zan rubuta wannan wasiƙa ka roƙe ni in bar sunanka da na shagon, ka ce wanda Allah ya nufa zai zo da ƙafarsa. Na bar su. Godiyar ce ba zan bari ba, gare ka da yaranka uku, domin yaba kyauta tukuici.

Bara, bayan ƙaramar salla, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Shekarata 52, kuma sama da 20 daga ciki a kan babur na yi su, daga gida zuwa makarantar da nake koyarwa, daga can zuwa gida. Na zo shagonku da niyyar sayen keke irin wanda na sani tun ina yaro, mai siririyar taya da kariya a baya. Kafin ka nuna mini ko ɗaya sai ka tambaye ni ina zan riƙa hawa. Na ce kan kwalta mana, hanyar Yamai ko ta Damagaram. Ka girgiza kai ka ce tsakanin manyan motoci da ƴan kabu-kabu da adaidaita, mai neman saukar jini ba zai same ta ba. Ka ce, "Malam, fadama za ka sauka."

Daga nan ka jawo wani na hannu daga bayan shago, mai faɗin taya da haƙora kamar na tarakta, irin wanda masu Faransanci ke kira VTT. Sabon da na nuna ya fi shi tsada, ribarka ma can ta fi, amma ka ce ba zai yi mini ba. Irin wannan keke a Kalifoniya ta Amurka aka faro shi a shekarun 1970, don masu gangarowa daga duwatsu. Mu nan Maraɗi ba mu da duwatsun, rairayi muke da shi, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa keke cikin rairayi ya san ya fi hawan tudu cin ƙarfin gwiwa.

Abin da kuka koya mini a rana ɗaya, da ni kaɗai ne sai in shekara ban gane shi ba. Babban yaronka ya danna bawul ya rage iskar tayoyin har na zaci ɓata mini keken yake yi. Ya ce taya mai tauri yanka rairayi take yi ta nutse, mai ɗan laushi kuwa shimfiɗuwa take yi ta bi ta sama. Ya nuna mini in sauke giya tun kafin in shiga wuri mai zurfi, in ja jikina baya a kan sirdi, kada in matse birkin gaba. Man sarƙa kuma ɗigo kaɗan, a goge sauran da tsumma, don mai da yawa rairayi yake tarawa ya cinye haƙoran giya.

Amma babbar kyautar ita ce takardar nan. Ka yago gefen buhun siminti, ka zana mini hanyoyi uku da biro, har da inda rijiya take da inda ake samun inuwa. Tana nan a aljihuna har yau, ta yi laushi don ninki.

Ta farko gajera ce, kuma ita na fi so. In gangara daga gari bayan asuba, in bi ta Tarna in shiga tsakanin lambuna har wajen Sumarana. A lokacin sanyi hazo yana kwance bisa ƙasa, injinan ban ruwa sun fara kuka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tasowa daga fangalin tumatir da albasa. Hanyar ba ta fi faɗin amalanke ba, mangwaro ya rufe ta ta sama, wani wuri sai ka sunkuyar da kai. A garin nan aka haife ni, amma sai da na hau keken nan na tsaya na dubi gangaren da kyau. Kakata ta sha ba mu labarin ambaliyar 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon gari aka tayar da mutane zuwa kan tudu inda muke yanzu. Da kunne na san labarin. Ranar da na hauro gangaren da ƙafata a kan feda, numfashina yana fita sama-sama, na waiwaya na ga yadda kwarin ya kwanta, sai na gane shi.

Ta biyu ta nufi Tsibirin Gobir, kimanin kilomita 12, ta cikin gonaki maimakon kwalta. Bayan an kwashe gero, hanyoyin shanu sun buɗe, kana tafe tsakanin itatuwan gawo. Gawo dai sai rani yake yin ganye, da damina ya zubar, shi ya sa manomi ba ya gaba da shi: ba ya tare wa hatsi rana, ganyensa taki, ƴaƴansa abincin bisashe. Tsofaffi a ƙauyukan nan suna cewa bayan farin shekarun 1970 da na 1984 kana iya hango gari daga gari don babu itace. Sassaben zamani ne ya dawo da su, wato barin tohon kututture ya girma ana yi masa aski maimakon a sare shi, aikin da aka faro a jihar nan tamu a shekarun 1980 kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. A kan babur wucewa kake yi. A kan keke kana jin sanyin kowace inuwa a fatarka, kana iya ƙirga su.

Ta uku ita ce doguwar, ta Jiratawa zuwa tafkin Madarunfa, wajen kilomita 25 zuwa kawai. Ka hana ni ita sai da na yi wata uku ina hawa, kuma ka hana ni yin ta ni kaɗai. Da muka je da ayarinku na safiyar Lahadi, mun ratsa gonakin zogale na Jiratawa, mun isa bakin tafki hantsi ya ɗaga, masunta suna fitowa da komarsu. Mun yi addu'a ga waliyyai 99 da ake cewa suna kwance kewaye da tafkin, muka sha fura, muka juyo kafin rana ta take. Wani matashi a cikinmu ya so a zarce kudu wajen dajin Baban Rafi. Ka ce a'a, kuma ba ka ɓoye dalili ba: ɓarayin daji suna ta'adi a ƙauyukan bakin iyaka, ba za ka kai ɗan kowa inda ba ka da tabbas ba. Na ji daɗin wannan gaskiyar ƙwarai. Mai neman kuɗin haya kawai da ya yi shiru.

A wannan tafiya ce na ga aikin ƙaramin yaronka. Tayata ta baya ta sace wajen wata aduwa. Ya kifa keken bisa sirdi, ya zare tayar ciki, ya hura, ya bi ta kusa da leɓensa har ya ji inda iska ke fita. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska kafin ya manna faci. Ni na ɗauka an gama. Shi kuwa sai ya sa yatsa cikin tayar waje yana zagayawa a hankali, idonsa a rufe, har ya tsaya. Ya zaro tsinin ƙaya da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce in an bar ta, kafin mu kai Jiratawa ta sake hudawa. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓar ko dala, ya ce maigida ya hana a karɓi na faci a hanya.

Akwai kuma ladabin da kake sa kowa ya bi, wanda nake ganin shi ya sa ƙauyuka ke maraba da mu. A sauka daga keke in an zo majalisar dattawa, a yi sallama. A ba garke hanya, kada a kaɗa shanun Bafulatani. Kada taya ta taka fangalin kowa ko da hanya ta yi caɓi. Da damina ma, in gulbi ya kawo, kai da kanka kake aiko mana da saƙo cewa mashigi kaza ba ya ƙetaruwa.

Watan jiya na koma awo, likita ya ce jinin ya sauka, in ci gaba da abin da nake yi tare da magani. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a shagon, ya ba yaran nan nasu wurin in lokaci ya yi. Ɗana na biyu ya matsa sai ya bi mu ranar Lahadi. Zan kawo shi Asabar da la'asar ku auna masa tsawon sirdi.

Naku,
wani malamin makaranta daga unguwar Zariya, Maraɗi