Keken zamiya a kan dusar ƙanƙara: birkinsa ƙafarka ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu karatu, musamman ɗalibai da ma'aikatan da hunturu kan riska a ƙasashen sanyi, game da wani wasa da ake yawan rainawa, wato gangarowa daga kan dutse bisa keken zamiya, wanda ake kira tobogan. Wanda ya ga yara suna yi sai ya ɗauka ba ya bukatar koyo. To amma abin hawan da ba shi da sitiyari, ba shi da birki, kuma yana iya wuce gudun kilomita 40 a awa idan gangara ta yi tsanani, ba a hawansa da ka.

Sunan tobogan daga harsunan 'yan asalin Kanada ya fito, mutanen da ke jan kaya a kan dogon falankin katako mai lanƙwasasshen goshi. Wanda za a ba ka haya a tsaunukan Alps na Turai daban yake: gajeriyar kujera ce a kan sanduna biyu masu lanƙwasa ta gaba, an shimfiɗa musu ƙarfe a ƙasa, da igiya a goshi. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai sunan garin Davos na ƙasar Siwizalan, inda aka yi tseren zamiya tun 1883. Shi a ƙage yake, yana da ƙwari amma yana da taurin kai a kwana. Akwai kuma wanda masu jin Jamusanci ke kira Rodel, mai mazaunin ƙyalle da gaɓoɓi masu ɗan motsi, wanda ke bin hannu da zarar an ja igiya. In an ba ka zaɓi, ɗauki na biyun. Faifan roba mai kama da faranti kuwa na tudun bayan gida ne, domin juyawa yake yi yadda ya ga dama.

Hanyoyin ma ba ɗaya ba ne. Ta Preda zuwa Bergün a Siwizalan kilomita 6 ce, jirgin ƙasa ke kai mutum sama. Ta Wildkogel a Ostiriya kilomita 14 ce, har fitilu gare ta da dare. Ta dutsen Faulhorn zuwa Grindelwald, ita ma a Siwizalan, ta kai kilomita 15, kuma sai ka yi tafiyar ƙafa ta fiye da awa biyu kana jan kekenka kafin ka isa mafarinta. Sabon shiga ba ya farawa da irin wannan. A wurare da dama ana yi wa hanyoyi alama da launi: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye.

Yanzu ga gundarin maganar. Zauna ta baya-baya a kujerar, ƙafafu a gaba kusa da sandunan, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan a gefen mazauni. In za ka yi dama, sa ƙafar dama a ƙasa, ka ja igiyar da ke ɓangaren dama, ka karkata jikinka can. Ƙafar tana rage gudun wannan ɓangaren, shi ya sa keken ke juyawa wajenta. Hagu ma haka.

Birki shi ne inda akasarin mutane ke kuskure. Da tsoro ya kama mutum sai ya miƙe ƙafafu ya kafa dugadugai. Abu biyu ke biyo baya: dusar ta feso masa a fuska har ya daina ganin hanya, sannan in dunduniya ta ci karo da ƙanƙara mai tauri sai ta maƙale alhali keken na ci gaba, nan ne idon sawu ko gwiwa ke targaɗewa. Yadda ya dace shi ne ka miƙe zaune, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka danna tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa dab da sandunan. In kana son tsayawa cak, haɗa da ɗaga goshin keken sama da hannu biyu, sai ƙarshen sandunan na baya ya nutse cikin dusar. A gwada wannan sau uku ko huɗu a mita 50 na farko, tun gudu bai kankama ba. Kuma a rage gudu kafin a shiga kwana. Wanda ya bari sai yana tsakiyarta, keken zai zame da shi ta gefe zuwa bakin hanya, inda bishiyoyi da shinge suke.

A lura da yanayin ƙasan. Dusar da rana ta narkar da samanta takan daskare da zarar inuwa ta sauka, ta zama kamar gilashi. Hanyar da aka bi lafiya da azahar tana iya zama wata aba daban da la'asar. A watan Disamba kuwa, rana na faɗuwa a Alps kafin ƙarfe biyar.

In ka faɗi, kada ka saki igiya, domin keken da ya gangara shi kaɗai yana iya karya ƙafar wanda ke ƙasa. Tashi maza ka koma gefe, ka duba sama kafin ka sake shiga. Kada a kwanta rub da ciki kai a gaba, kada kuma a ɗaure keke biyu wuri guda. Game da ɗaukar ƙaramin yaro, mutane sun fi son ajiye shi a gaba, amma in aka yi karo nauyin babba ne ke danne shi a jikin abin da aka buga. In yaron ya isa riƙe mutum da kyau, bayan babba ya fi masa. Hular kwano dole ce ga yaro da babba.

Sai sanyi. Duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kusan digiri 6 da rabi, ga kuma iskar gudu tana ƙara masa kaifi. Abin mamaki, gumi ya fi cutarwa. Mutum ya jawo keke zuwa sama ya jiƙe, sannan ya zauna iska na dukansa. Auduga tana riƙe ruwa, saboda haka kada ta taɓa fata. A sa tufa hawa uku: ta ciki ta ulu ko ta zaren roba, suwaita a tsakiya, jaket da wandon da ruwa ba ya ratsawa a waje. Takalmi ya rufe idon sawu, ƙasansa mai zane mai zurfi, tunda shi ne birkin. Safar ƙafa ɗaya mai kauri ta fi biyu da suka matse, domin matsi na hana jini gudana. A cusa mayafin wuya cikin jaket kada bakinsa ya shiga ƙarƙashin sanda. Tabarau ma wajibi ne, don sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona ido da fata.

Waya ta zauna a aljihun ciki, sanyi na cinye batir da sauri. Lambar gaggawa a Turai 112 ce. Idan yatsa ko kunne ya yi fari kuma ya daina ji, kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta, fatar da ba ta ji ba za ta san tana ƙonewa ba. A shiga ɗaki, a tsoma wurin cikin ruwa mai ɗumi na digiri 37 zuwa 39. Wanda kuma aka ga maganarsa ta fara harɗewa, yana tangaɗi, ko ya daina karkarwa alhali yana cikin sanyin, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kira masu agaji nan take.

Wassalam,
Wasu masu koyar da wasannin dusar ƙanƙara