A Ba Yara Dama Su Naɗi Kukan Tsuntsaye da Hannunsu

Zuwa ga Editan Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma ina cikin masu bin shirinku na muhalli. Na ɗauki alƙalami ne don in roƙi alfarma guda: a ware wa yara 'yan mintoci a cikin shirin, a riƙa sanya sautin tsuntsaye da kwaɗi da ƙwari da su da kansu suka naɗo. Ku gidan rediyo ne, kunne ne jarinku, amma abin mamaki duk lokacin da aka zo batun muhalli sai a cika mu da jawabin masana, ba a taɓa barin dajin ya yi magana da bakinsa.

Mu ma a aji haka muke yi. Muna rubuta wa yara zaizayar ƙasa da sare itatuwa da ɗumamar yanayi a allo, su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Yaro zai iya kawo maka illolin sare daji guda biyar a jere, amma ka tambaye shi wane tsuntsu ne ke fara kuka da asuba a bayan ɗakinsu, sai ya yi zuru. Wanda bai san muryar abu ba, ranar da muryar ta ɗauke ba zai lura ba.

Akwai wani Ba'amurke mai suna Bernie Krause da ya fara naɗar sautin daji tun 1968. A 1988 ya je wani fili mai suna Lincoln Meadow a tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kalifoniya, inda wani kamfanin katako ya tabbatar wa mutane cewa itatuwa kaɗan zai tsinta nan da can ya sare, daji ba zai ji komai ba. Krause ya naɗi sautin wurin da sassafe kafin a fara aikin, ya dawo bayan shekara guda ya sake naɗa. Idan hoto ka duba, dajin yana nan kamar yadda yake. Da aka saurari faifan biyu sai gaskiya ta fito: na farko cike yake da muryoyin tsuntsaye iri-iri suna hawa kan juna, na biyu kuwa ƙarar rafi ce ta fi yawa, tsuntsayen sun yi ƙaranci ƙwarai. Ido ya ce lafiya lau, kunne ya ce a'a. Wannan darasi ne da ɗan shekara goma zai gane cikin minti biyu ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Haka kuma akwai tsuntsun nan na tsibirin Kauai da ke Hawaii, wanda ake kira o'o. A 1987 aka ji kukansa na ƙarshe, kuma a 2023 hukumomin Amurka suka ayyana cewa ya ƙare a doron ƙasa. Tsuntsaye ne masu yin kuka biyu-biyu, namiji ya rera mace ta amsa. A naɗin da ya rage, namijin yana rerawa, ba mai amsa masa. Na sanya wa ɗalibaina wannan sauti, ajin da ba ya rabuwa da surutu ya yi tsit, har wata yarinya ta tambaye ni ko tsuntsun ya san shi kaɗai ya rage.

Sai dai, ranka ya daɗe, ba ina neman a tara yara a yi ta kunna musu faifan ƙasashen waje ba ne. Wannan buɗe ƙofa ne kawai. Amfanin gaske yana zuwa ne lokacin da yaron ya riƙe na'urar da hannunsa. Naɗin kukan tsuntsu na farko da aka sani a tarihi ma yaro ne ya yi shi: Ludwig Koch, ɗan shekara 8, a birnin Frankfurt na Jamus a 1889, da na'urar da ke naɗa a kan kakin zuma. Yau ƙaramar wayar salula ta fi na'urarsa nesa ba kusa ba.

Ga yadda muke yi. Yara su fita rukuni-rukuni da waya ɗaya, su zaɓi gindin bishiya ko bakin ruwa, su ɗora wayar a kan dutse don kada motsin yatsa ya shiga, sannan kowa ya kame bakinsa na minti biyu. Wannan shirun shi ne mafi wuya, kuma shi ne rabin karatun. Mai riƙe da wayar ya fara faɗin rana da lokaci da wuri da yanayin sama kafin a yi shiru. Idan muka dawo aji muka saurara, abin da ke ba su mamaki ba tsuntsayen ba ne kaɗai. Wani yaro ya rantse wurin da suka tsaya babu hayaniya, sai ga gurnanin inji daga nesa ya danne kukan kurciya tun daga farko har ƙarshe. Kunnensa ya saba da ƙarar har ya daina jin ta, wayar kuwa ba ta san sabo ba. Daga nan muhawara ta ɓarke a kan ko hayaniya ma gurɓata muhalli ce, ba ni na kawo batun ba.

Amsar tambayar tasu tana nan a binciken masana. A 2020, lokacin kullen korona, motoci sun ragu a birnin San Francisco, sai aka gano wasu ƙananan tsuntsaye na birnin sun sassauta murya, amma duk da haka ana jin su daga nisan da ya ninka na da. Ashe da can ihu suke yi don su ji juna.

Abin da za a yi da sautin bayan an naɗo shi ba ya ƙarewa. Ana yin kacici-kacici da shi, a kunna a ce wane ne wannan. Ana zana taswirar unguwa a sa alamar abin da ake ji a kowane lungu. Masu son rubutu su tsara ɗan wasan kwaikwayo na rediyo wanda kukan gyare da kwaɗi ne ke nuna dare ya yi, masu waƙa su ɗora baiti a kan kiɗan ruwan sama. Akwai manhajoji na kyauta da ke mayar da sauti hoto, yaro ya ga kukan kowane tsuntsu da nasa zane, ya ga ƙwari a sama, kwaɗi a ƙasa, kowa da layinsa. Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell tana taimakawa wajen gane mai kukan, shafin xeno-canto kuma yana karɓar naɗin kowa. Amma ni na fi son yaro ya fara tambayar dattijon gidansu sunan tsuntsun kafin ya tambayi waya, domin manhajojin ba su san tsuntsayen kowane yanki daidai ba, kuma sunayen da ke bakin tsofaffi su ma suna ɓacewa.

Gargaɗi ɗaya nake so ku haɗa da shi idan kun karɓi shawarar. Kada yara su riƙa kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa a daji don ya fito su gan shi. Tsuntsun yana ɗauka kishiya ce ta shigo masa, ya bar sheƙa da ƙwai ya fito faɗa da abin da babu shi. Kada kuma a matsa kusa da sheƙa, kada a naɗi hirar mutane ba da izininsu ba.

Roƙona shi ne ku sanar da makarantu su riƙa aiko da naɗin minti ɗaya, da sunan wurin da ranar da lokacin, ku sanya ɗaya a kowane mako, masu sauraro su faɗi abin da suka ji. Ku kuma adana su da kyau, ku nemi makarantun su koma wuri ɗaya a wata ɗaya kowace shekara, don a sami abin kwatantawa nan gaba. Idan kuna buƙatar na gwaji, ɗalibaina suna da su a shirye.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin kimiyya, mai sauraronku a kullum