Rahoton Kwamitin Gyaran Makarantar Allo ta Unguwarmu, Kabawa, Lakwaja

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa na gida da na nesa. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, yara sun koma karatu.

Ambaliyar 2022 ce ta cinye gindin katangar gabas, ta tsattsage daɓen ɗakin karatu. Tun ta 2012 ginin yake ciwo, muna ta liƙe shi da filasta. Wanda ke zaune inda Neja da Binuwai suka haɗu ya san cewa idan damina ta yi nauyi, aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru, kogi har ƙofar ɗaki yake sallama. Don haka birkila ya auna shaidar da ruwa ya bari a bango, aka ɗaga fandisho sama da ita, da rodi da tsakuwa. Nan mafi yawan kuɗin ya tafi. An sauya kwano, an yashe lambatu.

Inda muka daɗe muna ja-in-ja shi ne tsohon zaure. Matasa suka ce a rushe, a sa bulo, a huta. Dattawa suka ƙi, kuma a ganinmu suna da hujja. Kabawa ba unguwar jiya ba ce. Nan aka binne sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo Lakwaja: Sarkin Zazzau Kwasau, da Aliyu Ɗan Sidi da ya rasu a 1924, da Sarkin Kano Alu Babba da ya cika a 1926. Baƙi daga Kano da Zariya kan zo ziyarar kaburburan, su tarar da tsofaffin gine-ginen unguwar suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Sai muka bar zauren da ƙofarsa ta katako, muka ɗaure gindinsa da siminti, muka kewaye shi da dakali. Bai yi kyan sabon gini ba, mun sani.

Yashi kyauta muka samu daga masu kwale-kwale, matasan da suka sha kaye a muhawara kuma su suka yi gayyar ɗibarsa. Allah ya saka da alheri.

Lissafin kuɗi na manne a ƙofar makaranta, da rasit ɗin kowace sayayya a hannun ma'aji. Banɗaki ne bai samu shiga ba, kuɗi suka ƙare. Za mu kawo maganarsa a taron bayan sallar Juma'a.