Jirgin ruwa ba ya jiran kowa: shawara ga mai shirin hutun farko a teku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ku ba mu ɗan fili a jaridarku mai farin jini, mu yi tsokaci kan hutu a manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, irin waɗanda mutum ke kwana a ciki mako guda ko fiye, jirgin yana yada zango daga wannan tasha zuwa waccan. Tallan kamfanoni duk hoton wurin ninƙaya ne da faɗuwar rana. Amma abin da ya fi ɓata wa sabon shiga tafiya a tudu yake faruwa, tun bai taka jirgin ba: takardu, lokaci, da lissafin kuɗi.

Mu fara da takardu, domin a nan ne ake asarar da ba ta da gyara. Yawancin kamfanoni suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 bayan ranar da tafiyar za ta ƙare. Biza kuwa alhakin fasinja ce, kamfani ba ya ɗaukar nauyinta. Kafin ka biya ko sisi, ɗauki jerin tashoshin da jirgin zai tsaya, ka rubuta ƙasar kowace tasha, ka bincika abin da kowace ƙasa ke nema daga mai irin fasfonka. Akwai tarkon da mutane da yawa ba sa gani. A ce jirgi zai tashi daga Italiya, ya tsaya a Turkiyya, sannan ya juyo Girka. Italiya da Girka suna cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Turkiyya ba ta ciki. Da jirgin ya isa Turkiyya ka fita daga yankin ke nan, dawowarka Girka shiga ce ta biyu. Wanda ya riƙe bizar shiga sau ɗaya, tasa ta ƙare a tsakiyar hanya, kuma ma'aikatan tashar farko sun san haka, saboda haka tun a can za su hana shi hawa. Haka yake ga jiragen da ke tashi daga Mayami zuwa tsibiran Karibiyan su komo: ana buƙatar bizar Amurka mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Kada kuma ka ce ai ba zan sauka a tashar ba, a jirgi zan zauna. Ƙasashe da dama ba su san wannan uzuri ba, muddin jirgi ya shiga ruwansu. Wanda aka hana hawa saboda rashin takarda, a ƙa'idar yawancin kamfanoni ba a mayar masa da kuɗinsa.

Akwai wasu sharuɗɗa biyu da ake mantawa. Mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, galibi ba a ɗaukarta. Jariri kuma sai ya kai wata 6, a doguwar tafiya ta ƙetare teku ma sai shekara guda. Dalili shi ne asibitin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini ko jaririn da ya galabaita, tudu kuma yana iya zama tafiyar yini biyu.

Sai lokaci. Idan jirgin sama ne zai kai ka garin da tashar take, ka sauka kwana guda kafin ranar tashi, kwana biyu ma idan akwai canjin jirgi a hanya. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai asarar tafiya dungurungum ba. Ana rufe shiga da awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin tashi, domin sai an miƙa wa hukuma sunayen fasinjoji. A ranar dawowa kuma kada ka sayi tikitin jirgin sama na sassafe. Jirgin ruwa yana iya isowa da asuba, amma kafin jami'an shige da fice su sallame shi, dubban mutane su sauko su nemo kayansu, hantsi ya yi. Daga azahar zuwa sama ya fi kwanciyar hankali.

A kowace tasha ana rubuta lokacin da kowa zai dawo, yawanci minti 30 kafin tashi. Wannan lokaci da agogon jirgi ake auna shi, kuma wani lokaci agogon jirgi yana saɓawa da na garin da aka tsaya da awa guda. Wayar hannu tana sauya lokacinta da kanta da zarar ta kama sabis na ƙasar, mai ita bai sani ba. Maganin abin mai sauƙi ne: ɗaura agogon hannu, ka daidaita shi da na jirgi kafin ka sauka. Idan ka bi yawon gari da kamfanin jirgin ya shirya, motarku ta makara, jirgi zai jira ku ko ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan da kanka ka fita, kyaftin ba zai jira ba, domin kamfani na biyan kuɗin tsayuwa a tasha, kuma akwai wani jirgin da ke jiran gurbin. Yawon kamfani ya fi tsada, ba shakka, kuma a garin da tashar ke dab da kasuwa da wuraren kallo babu dalilin biyansa. Amma duba inda tashar take tukuna. Jirgin da aka ce zai tsaya a Rum, a Cibitabekiya yake tsayawa, tafiyar fiye da awa guda daga birnin. A irin wannan wuri sabon shiga ya bi kamfani. Kafin ka sauka kuma, ɗauki hoton lambar wakilin jirgin a tashar, tana cikin takardar shirye-shiryen yini da ake rabawa. Shi ne zai taimake ka idan aka bar ka a baya.

Wasu wuraren, kamar tsibirin Santorini na Girka, babban jirgi ba ya matsowa bakin gaɓa. Yana tsayawa a nesa, ƙananan jirage su riƙa jigilar mutane. Layin yana cin lokaci, kuma idan iska ta yi ƙarfi sai a soke tsayawar baki ɗaya. Yarjejeniyar da ke bayan tikitinka ta ba kamfani ikon canja hanya ko tsallake tasha, abin da za ka samu bai wuce kuɗin harajin tashar ba. Don haka kada ka zaɓi tafiya saboda gari ɗaya tak.

Maganar kuɗi tana son natsuwa. Farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Mai tafiya shi kaɗai yana iya biyan kusan ninki biyu. Kuɗin ya ƙunshi ɗaki, abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗiban abinci da kanka, da wasannin dare. Abin da galibi bai ƙunsa ba shi ne intanet, lemon kwalba, wankin kaya, hoto, gidajen abinci na musamman, yawon gari, da ganin likita. Sai tukwicin ma'aikata, wanda kamfanoni da yawa ke ɗorawa a asusunka kowace rana, a kan kowane mutum, sau da yawa har da yara. Iyali mai mutum 4 a tafiyar dare 7 sun biya shi sau 28 ke nan. Bayan wannan ana ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan abin sha da gyaran jiki. Tambayi adadin kafin ka biya kuɗin kafin alƙalami, ka tambaya kuma ko harajin tashoshi yana cikin farashin.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin da ke buɗe ɗakinka shi ne katin sayayyarka, an haɗa shi da katin bankinka. Kamfani yana riƙe wani adadi a asusunka tun ranar farko, ya riƙa ƙarawa kana kashewa. Idan katin cire kuɗi kai tsaye ne, wannan riƙon yana iya ɗaukar kwanaki bayan tafiya kafin banki ya sake shi, sai mutum ya sauka ya ga kuɗinsa a daskare. Sanar da bankinka za ka yi tafiya, ka riƙe kati na biyu, ka duba asusun jirgi duk bayan kwana biyu. Gyara kuskure a rana ta uku minti biyar ne, a daren ƙarshe kuwa layi ne har bakin matakala. Ka kuma karanta jadawalin fasa tafiya: cikon kuɗi yakan zo da wata 2 zuwa 4 kafin tashi, daga nan tarar fasawa tana hawa har ta cinye kuɗin duka a makonnin ƙarshe.

Inshora ba ado ba ce. Nemi wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara, ta ƙunshi jinya, ɗauke mara lafiya daga jirgi zuwa asibitin tudu, da rasa jirgi saboda jinkirin jirgin sama.

Waya kuwa, sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa. Jirgin yana da nasa sabis da ke bi ta tauraron ɗan'adam, wayarka za ta kama shi shiru, kuɗinsa kuma ya ninka na tudu nesa ba kusa ba.

Wajen zaɓen ɗaki, inda yake ya fi girmansa muhimmanci. Jirgi yana lilo ne kamar sikeli: goshi da ƙeya su ke hawa da sauka, tsakiya ba ta cika motsi ba, kuma hawa na sama ya fi na ƙasa tangaɗi. Mai tsoron jiri ya nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa. Buɗe taswirar jirgin ka duba abin da ke samanka da ƙasanka. Ƙarƙashin wurin ninƙaya ana jan kujeru tun asuba, saman ɗakin rawa kiɗa ne har tsakar dare, can gaba a ƙasa kuma ƙarar sarƙar anga ce ke tada mutum. Ɗakin da ke da ɗakunan kwana sama da ƙasa shi ne mai shiru. Ɗakin ciki marar taga ya fi araha, barci a cikinsa yana da daɗi, amma babu bambancin dare da rana. Baranda tana biyan kuɗinta a tafiyar kallon duwatsu da ƙanƙara kamar Alaska ko gaɓar Norway. A tafiyar da kullum kana gari daga safe zuwa yamma, a ganinmu ɓarnar kuɗi ce. Akwai kuma tayin da ake rage farashi kamfani ya zaɓa maka ɗaki. Mai saurin jiri ko mai barcin zomo ya guje shi.

Don tafiyar farko dare 5 zuwa 7 ya isa, da tashoshi da yawa. Kada a fara da ƙetare Atlantika, inda ake kwanaki ba a ga ƙasa ba. Lokacin guguwa a Karibiyan daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, shi ya sa farashi ke faɗuwa a lokacin. Jirage suna kauce wa guguwa, amma hanyarka ce za ta canja. Bahar Rum ta fi daɗi a Mayu, Yuni da Satumba. Girman jirgi ma abin dubawa ne: Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Ga iyali mai yara wannan aljannar duniya ce, ga mai neman shiru kuwa kasuwa ce.

Ranar shiga, manyan akwatuna a tasha ake karɓarsu, ba za su iso ƙofar ɗakinka ba sai yamma ko dare. Fasfo, magunguna a kwalinsu na asali, caja da kaya sawa ɗaya su zauna a jakar hannu. Ƙara maganin kwana 3 ko 4 a kan na tafiyar. Dutsen guga, butar lantarki, kyandir da soket mai kariyar hauhawar wuta duk za a ƙwace su, domin gobara ce babbar abokiyar gabar jirgi. Mai buƙatar abinci na musamman, na lafiya ko na addini, ya sanar da kamfani makonni kafin tafiya, tunda a tashar farko ake loda yawancin kayan abinci.

Atisayen ceto wajibi ne a ƙarƙashin dokar kare rayuka a teku ta duniya. Bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara ƙa'ida: dole a yi shi kafin jirgi ya tashi ko nan take bayan tashi. Je wurin taruwar da aka rubuta a katinka, ka koyi ɗaura rigar ceto, ka haddace alamar gaggawa, wato busa gajere sau 7 da dogo sau ɗaya. Ƙidaya ƙofofin da ke tsakanin ɗakinka da matakala, domin cikin hayaƙi hannu ne ke gani.

Jiri yana zuwa ne idan kunnen ciki ya ji motsi, ido kuma yana ganin bango a tsaye. Shi ya sa kwanciya a ɗaki da waya a hannu ke ƙara shi. Fita sarari, ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, kada ka bar ciki wayam. Maganin jiri kafin a fara jin sa ake sha, na liƙawa a bayan kunne ma awanni kafin tashi, kuma a tuntuɓi likita tukuna, musamman tsofaffi da masu hawan jinin ido. Cutar amai da gudawa ta norobairas tana yaɗuwa da sauri inda jama'a ke taɓa cokali ɗaya da ƙarfen matakala ɗaya. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 ne maganin, kafin kowane cin abinci. Masai na jirgi da zuƙar iska yake aiki ta siraran bututu, ƙyallen goge jiki guda ɗaya yana iya toshe na ɗakuna da dama.

A daren ƙarshe za a ce kowa ya fito da akwatinsa bakin ƙofa kafin ya kwanta, ma'aikata su kwashe cikin dare, sai a tasha za a sake haɗuwa da shi. Ware kayan da za ka sa da safe, da takalmi, da fasfo, da katin jirgi, kafin ka zuge akwatin. Ka kuma buɗe ƙaramin akwatin ajiyar kuɗi na ɗakin ka shafa cikinsa da hannu har kusurwa, domin ƙasansa baƙi ne, zobe ko kati yana iya laɓewa ido bai gani ba.

Mun gode da filin da kuka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Masu karanta jaridarku