Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mana da manhajar kantin magani

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na buga waya ofishinku, na tura saƙo ta WhatsApp, na taka da ƙafata na zauna a benci har aka kira la'asar, amsar dai ɗaya ce: injiniya ya fita, za a neme ka. Har yau ba a neme ni ba. Shi ya sa na rubuto a inda kowa zai gani. Na sakaya sunan kamfaninku saboda gyara nake nema, kuma kun san kanku, 'yan uwana masu kemis da ke aiki da manhajarku su ma sun san ku.

Sana'ata sayar da magani ce a nan Kano. Abu na farko da nake koya wa duk yaron da ya zo aiki wurina shi ne ya juya kwali ya duba ranar da wa'adin maganin zai ƙare. Maganin da ya wuce ranarsa, ko kwalinsa na ƙyalli, saukar da shi ake yi daga kanta. In jami'an NAFDAC suka same shi a wurina, ba wanda zai saurari cewa ai ƙwayar ba ta canza launi ba. Manhajarku ma dalilin da ya sa na saye ta ke nan, domin tana da shafin da ke nuna mini magungunan da suka kusa cika wa'adi, in yi rangwame a kansu ko in mayar wa dila.

To wannan shafin ne ya mutu. Daren Alhamis kuka turo sabuntawa, lambar manhajar ta tashi daga 3.2.5 zuwa 3.2.6, saƙon da ya biyo ta ya ce 'yan ƙananan gyare-gyare ne. Da safiyar Juma'a muka buɗe, shafin wa'adi fari fat, firinta kuma ta ƙi fitar da rasit. Wata dattijuwa da ke karɓar wa mijinta maganin hawan jini duk wata tana tsaye da takardar asibiti a hannu, yarona na ta danna madanni, daga ƙarshe sai littafi muka ɗauko muka rubuta da biro. Kwana uku ni da yara biyu muna sauke kwalaye ɗaya bayan ɗaya muna duba rana da ido.

Ɗan ƙanwata da ya karanci kwamfuta ne ya zo ya duba babbar na'urar da kuka ajiye mana a ɗakin baya, wadda kuke kira saba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya juyo ya ce, "Kawu, kuɗin kulawa da kake biya duk shekara, me suke cewa suna kulawa da shi?" Ya nuna mini a allo cewa na'urar tana kan CentOS 7, manhajar taku kuma tana kan PHP 7.4. Waɗannan ba naku ba ne, manhajoji ne na buɗaɗɗen tushe da kowa ke ɗauka kyauta ya gina nasa a kai, kuma ban ga laifinku a nan ba, haka rabin duniya ke yi. Laifin yana ga ranar. Masu PHP sun daina fitar wa 7.4 facin tsaro, wato gyaran da ke toshe ɓarakar da masu kutse ke bi, tun 28 ga Nuwamba 2022. CentOS 7 kuwa, da ya fito a 2014, wa'adinsa ya cika ran 30 ga Yuni 2024. Bayan waɗannan ranaku, duk ɓarakar da aka gano a jikinsu a buɗe take zama, masu su ba za su ƙara ɗinke ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuma bangonmu ya jima da tsagewa, kuna ta karɓar kuɗin yaɓe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranakun nan ba sirri ba ne. Mutanen da ke rubuta waɗannan manhajoji, da yawansu ba wanda ke biyan su ko sisi, amma suna wallafa jadawali shekaru kafin lokaci, su ce wannan siga za mu riƙe ta zuwa rana kaza. Ɗan ƙanwar tawa ya nuna mini na Ubuntu, wata manhaja irin CentOS, har ni da ba fannina ba na fahimta. Lambar da kanta kwanan wata ce: 24.04 na nufin watan Afrilun 2024. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, suna fitar da sigar dogon zango da za su kula da ita shekara biyar, mai son ƙari ya yi rajista a kai masa goma. Kamar dai yadda ake buga rana a jikin kwalba. Na kuma ji cewa a wannan harka akan yi bazata, domin a Disamban 2020 an datse wa'adin CentOS 8 daga 2029 aka dawo da shi ƙarshen 2021, mutane da yawa suka shiga ruɗani. Da a kansa kuka ɗora mu, da na yi muku uzuri. Amma ranar CentOS 7 ba ta motsa ba, kuma tun 2021 AlmaLinux da Rocky Linux, manhajojin da aka yi don maye gurbin CentOS, suka fito don irin wannan ƙaura, siga ta 9 ɗinsu tana da kulawa har 2032. Hanya a buɗe take, lokaci kuma kun same shi ishasshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar lambar taku. An fahimtar da ni cewa a tsarin da akasarin masu manhaja ke bi, lambobin nan uku alkawari ne. Ta ƙarshe in ta canza, gyaran kuskure ne kawai, ba abin da zai taɓu. Ta tsakiya, an ƙara sabon abu amma tsoho na nan yana aiki. Ta farko ce ke gargaɗi cewa a yi shiri, wani abu zai iya karyewa. Ku kun canza ta ƙarshe, kuka karya mana shafin da ya fi kowanne muhimmanci. A wurina wannan daidai yake da in zuba ƙwaya mai ƙarfin 500 a kwalin da aka rubuta 250. Mai saye da rubutun jikin kwali yake aiki, ba shi da wata hanyar sanin abin da ke ciki.

Da na matsa, wani ma'aikacinku ya gaya mini a waya cewa ai siga ta 3 kun daina kula da ita, in ina son komai ya daidaita sai in koma ta 4, kuma da sabon kuɗi. Na tambaye shi yaushe kuka daina, a ina kuka sanar, ya yi shiru. Na koma na zazzage fayil ɗin takardunku, yarjejeniya da rasit na kowace shekara, babu layi ɗaya da ya ambaci ranar da kulawar za ta tsaya. In kun daina kula da ita, sabuntawar daren Alhamis daga ina ta fito? In kuma ba ku daina ba, don me za a ce in sake biya? Rasit ɗin bana yana hannuna, an rubuta kulawa da tsaro a jikinsa.

Ba don firinta kawai nake wannan magana ba. A cikin na'urar nan akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu da irin maganin da suke sha, har da cututtukan da mutum ba ya son ko ɗan uwansa ya sani. Sun ba ni amana, ni kuma na danƙa muku. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman, kuma in masu kutse suka kwashe su, ƙofar kantina za a fara ƙwanƙwasawa. Tun ranar da na ji wannan labari na sa aka cire na'urar daga intanet, reshena na biyu yanzu da waya muke haɗa lissafi kowane dare.

Ina neman ku zo ku mayar da na'urarmu kan tsarin da har yanzu ake fitar masa da facin tsaro, ku kwashe bayananmu lafiya, ba tare da ƙarin ko kwabo ba, domin kuɗin wannan aiki na riga na biya shi tun tuni da sunan kulawa. Ku dawo da shafin wa'adi. Sannan, kuma wannan ya fi komai a wurina, ku wallafa jadawali a shafinku kamar yadda waɗanda kuka ɗauki aikinsu kyauta ke yi: kowace siga da ranar fitowarta da ranar da za ku sake ta, tare da sanarwa a rubuce aƙalla wata shida kafin ranar. Ku buga wannan rana a jikin rasit ɗin kowa. Duk sabuntawar da za ta iya tsayar da aiki kuma ku faɗa da baki, ku bar mutum ya zaɓi daren da zai ɗora ta.

'Yan uwana masu kemis da ƙananan asibitoci da ke karanta wannan, ku sa wani ya duba muku abin da ke ƙarƙashin manhajarku, ku tambayi ranarsa.

Ranka ya daɗe, zan jira amsarku a rubuce har mako biyu daga yau. In shiru ta ci gaba, zan tattara rasit ɗin da hoton allon in kai wa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, a can kuma da sunanku zan rubuta.

Wassalam.

Naku,
Wani mai kantin magani a Kano